Shekarar da Na Daina Cewa Da Sauƙi

Bulus, Murna, wannan babin naku ne fiye da na kowa. Na ji maganar da kuka yi a bayan ɗaki ranar Kirsimeti, kuna tsammani barci nake. Kun ce yayarku Godiya ta ɗauko tsohuwar da ba danginmu ba ta ajiye a gidanta a Kafanchan, tana yi mata wanka, tana ba ta abinci a baki, alhali uwar da ta haife ta tana nan Kagoma a gidan Bulus ƙaninta. Ban yi fushi da ku ba. Kuna ƙanana a shekarar da zan ba ku labarinta, kuma ni ce ban taɓa buɗe baki na faɗa muku ba, saboda kunya. Har yanzu harshena yana nauyi idan magana ta yi tsawo, shi ya sa na zauna nake rubutawa da hannun hagu, da Hausar da aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci na coci. Ku karanta a hankali, yadda na rubuta a hankali.

A gonar citta na faɗi, lokacin haƙa. Na ɗaga fartanya sai ta suɓuce, na sunkuya in ɗauka sai hannun dama ya ƙi zuwa, ƙafar ma ta bi shi. Na buɗe baki in kira matar da ke gonar kusa da tawa, abin da ya fito ba magana ba ce. A asibiti a Kafanchan suka ce hawan jini ne ya shanye mini ɓarin jiki. Da aka sallame ni, babanku ya koma Mararaban Rido inda yake gadi a wani gidan mai, domin idan ya bar aikin ba mai ciyar da mu. Ƙanwata ta zo daga Kauru ta zauna ɗan lokaci, amma tana da goyo da miji da gona, ta koma. Gida ya rage daga ni sai ku uku. Godiya tana da shekara goma sha uku, tana aji biyu a ƙaramar sakandare.

Kun san ta dafa muku abinci ta wanke muku kaya. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ake yi bayan an tura ku waje an rufe ƙofa. Ita take juya ni, ita take sa mini fo ta kwashe, ita take wanke tabarma da zannuwa idan ban iya riƙewa ba, kuma sau da yawa ban iya ba. Ita take yi mini wanka. A wurinmu ɗa ba ya ganin tsiraicin uwarsa. Tun muna yara aka faɗa mana, uwar da za ta tsine wa ɗanta ce kaɗai take kwance zani a gabansa. Wankan mace marar lafiya aikin sa'o'inta mata ne, ni ma na wanke wasu kafin in faɗi. Na san wannan sarai. Amma kunya biyu ce a gabana, ko 'yata ta gan ni ko matan gari su gan ni, sai na ɗauki wadda ake iya rufe wa ƙofa. Duk lokacin da ta kwance mini zani sai in juya fuska bango, ita kuma ta sunkuyar da kai tana cuɗa. Ba mu taɓa yin maganar ba.

Ranar Alhamis da yamma matan zumunta na cocinmu suke zagayen marasa lafiya. Tsarinmu a sarari yake. Za a shigo da waƙa, a tambayi mai ciwo jiki. Idan ta ce da sauƙi, a yi addu'a, a ajiye ɗan garin masara da sabulu, a wuce gida na gaba. Idan kuwa ta ce abin ya fi ƙarfin gidanta, nan take mata za su raba kwanakin jinya a tsakaninsu. Ba a tilasta wa kowa, sai wadda ta nema da bakinta. To ranar Alhamis Godiya ba ta zuwa makaranta sam. Tun safe za ta wanke ni, ta ɓoye tabarma a bayan rumbu, ta ƙona ɓawon lemo a garwashi don ya kashe warin ɗaki, ta ɗaura mini zanin zumunta da ɗankwalinsa, ta ja ni da ƙyar ta zaunar a kujera, ta tokare ɓarin da ya mutu da filo. Sai mu ji kiɗan tulun da suke bugawa yana tafe daga bakin hanya.

"Maman Godiya, yaya jiki?"

"Da sauƙi. Mun gode wa Ubangiji."

"Kai, ai kuwa kin yi kyau! Dubi ɗakin nan fes. Godiya, ke kam 'yar albarka ce. Ina ma nawa haka suke."

Sai ta durƙusa ta yi murmushi ta ce amin. Ni kuwa ina jin daɗin yabon nan kamar ni ake yaba. Ban lura ba cewa duk ranar da aka kira ta 'yar albarka, an ƙara hana ta faɗin abin da ke ranta ke nan. Daga Alhamis aka koma fashin Litinin, sai Laraba, har ya zama zuwanta makaranta sai ranar da na tashi da dama-dama.

Mama Kande kun san ta da tsufa, ba ku san ta da ƙarfinta ba. Ita ce mai injin niƙa a bakin kasuwa, gwauruwa, doguwa, ƙarar inji ta taɓa mata kunne, don haka ko gaisuwa za ta yi sai maƙwabta sun ji. Tana cikin zumunta amma ba ta cika bin zagaye ba, tana cewa masara ba ta san Alhamis ba. Wata Talata da rana sai ga ta ta banko ƙofa, gari har a girarta. Ina kwance yadda nake, ba ɓawon lemo, ba zanin zumunta. Na jawo mayafi da hannun hagu ina neman rufe tabarma. Ko kallon wurin ba ta yi ba.

"Bar wahalar da kanki, ba ke na zo dubawa ba. Ke kina da masu yi miki waƙa. 'Yarki na zo nema."

Na ce, "Wani abu ta yi, Yaya Kande?"

"Barci ta yi. Jiya ta kawo niƙa, ta jingina da ginshiƙin rumfa, a tsaye, inji yana ihu, ta yi barci har da miyau. Ni da na shekara da shekaru a gindin injin nan ban taɓa ko gyangyaɗi ba. Yarinyar da ta yi barci a wurin, ba ta barci a gida."

"Ai da sauƙi yanzu, muna..."

"Ban tambaye ki jiki ba. Ki ara mini ita ranar kasuwa da yamma. Ina so ta zama 'yar ɗakina."

Na yarda ne don na ɗauka aiki za ta sa ta, ta riƙa samo mana ɗan gari. Ke Murna, ke kike zama kusa da ni a waɗannan ranakun, kina ba ni ruwa kina zuba rabi a wuyana. Sai daga baya na san abin da ake yi a rumfar injin. Ba aikin komai. Mama Kande za ta zuba mata faten acca ta tsaya a kanta sai ta cinye, ta shimfiɗa mata buhuna a lungu ta ce kwanta. In ta tashi ta tsefe mata kai ta yi mata kitso, domin tun da na faɗi ba wanda ya taɓa kan yarinyar nan, ni ma ban lura ba. Tana kitson tana ba ta labarin kanta. Ashe ita ma tun tana 'yar shekara goma take jinyar uwarta mai ciwon tari, har ta isa aure, garinsu kaf ana yabonta, ba wanda ya taɓa tambayarta ko ta ci abinci. Ba ta taɓa ce wa Godiya 'yar albarka ba. Tambaya take yi mata: me ya fi ba ki tsoro, me kike yi idan ya zo, wa kike faɗa wa. Ta kuma riƙa tsare 'yan ajinsu idan sun kawo niƙa, ta ce ku zauna, injin ya yi zafi, alhali lafiyarsa ƙalau, don dai su yi hira da Godiya su nuna mata inda aka kai a karatu.

Wata safiya Godiya ta zo ɗaga ni, maimakon ta rungume ni ta ja kamar kullum, sai ta zura zani ta ƙarƙashin hammatana, ta tokare gwiwata da tata, ta ce in ƙirga tare da ita. Sai ga ni zaune, ba zafi a kafaɗata, ita ma ba ta riƙe ƙugu ba.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Mama Kande."

Mama. Kalmar ta soke ni, ko da yake duk yaran gari haka suke kiranta. Da yamma kuma na ji dariyarta daga bakin hanya tana dawowa da wata ƙawarta, dariyar da na manta tana da ita, tana shigowa tsakar gida ta haɗiye ta. Ya kamata in yi murna. Kishi na ji, na kuma ji kunyar kishin.

Ana cikin hutun ƙarshen shekarar karatu abin ya faru. Ta gama wanke ni ke nan, ta canja tabarma, ta shanya, ta ɗora kunu, sai cikina ya sake ɓaci. Ta shigo ta gani. Ta tsaya a bakin ƙofa da bokiti a hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Mama, na gaji."

Ta ajiye bokitin ta sake yin aikin daga farko, tsaf, kamar ba ta ce komai ba. Ni kuwa kamar an watsa mini ruwan zafi. A gidan ubana yaro bai isa ya ce wa uwarsa ya gaji ba. Da ta fita ɗebo ruwa na aike ka, Bulus, ka kira mini Mama Kande. Kana tuna ka dawo kana cewa ta kashe inji da masarar mutane a ciki?

Tana shigowa na ce, "Me kike koya wa 'yata?"

"Abin da ba a koya mini ba. Ta faɗa miki ke nan? Madalla. Na ɗauka sai ta yi furfura kamar ni."

"Ki raba ni da ita kike so?"

Ta zauna a bakin gado, a kan tabarmar da na san ba ta gama bushewa ba. Karon farko da na ji ta yi magana a hankali.

"Laraba, saurara. Malamarsu ta kawo niƙa. Ta ce in Godiya ba ta koma sosai ba idan an buɗe makaranta, za a cire sunanta, ba za ta shiga aji uku da sa'o'inta ba. Yarinyar ta sani tun kafin hutu. Ta ce kada in faɗa miki, wai jininki zai hau. Na ce mata zan faɗa, in za ta yi fushi da ni ta yi."

Na ce, "To yaya zan yi? Ni na ɗora wa kaina ciwon?"

"Ba ke kika ɗora ba. Ni zan iya wanke ki, amma ni ɗaya ce, ga inji. Matan zumunta kuwa sun cika benci nawa a coci? Bakinki kawai suke jira. Ni ba zan faɗa musu ba, jikinki ne, ba nawa ba. Amma ki sani, rufin asirin nan da kike yi, da bayan yarinyar nan kike yin sa."

Ta tashi ta koma wurin masarar mutane. Na so a ce na yanke shawara a ranar, amma ba haka aka yi ba. Alhamis ta zo aka ƙona ɓawon lemo na ce da sauƙi. Wata ta sake zuwa na sake faɗa. Har aka buɗe makaranta. Ina kwance ina jin yaran unguwa suna wucewa da safe, ina jin Godiya tana dirzar zanina a bayan ɗaki, idan sun zo daidai gidanmu sai dirzar ta tsaya, in sun wuce ta ci gaba. Wannan tsayawar ce ta karya ni.

Alhamis ta farko bayan buɗe makaranta, ta shigo da ruwan wanka da zanin zumunta a kafaɗa.

Na ce, "Ajiye. Je ki sa yunifom."

"Mama, yau Alhamis. Mata za su zo."

"Na sani."

"Ban wanke ki ba. Ɗakin ma..."

"Na sani, Godiya. Ba ni kunu ki tafi."

Yunifom ɗin ya ɗage mata, gwiwa a waje. Ta tsaya tana kallona, ina jin tana so ta yi gardama, sai ta juya ta fita da gudu kamar mai tsoron kada in canja magana. Ta yi daidai, domin kafin rana ta take na so in kira ta ya fi a ƙirga. Na wuni yadda na kwana. Ba sai na faɗa muku yadda ɗakin ya koma ba. Da yamma na ji tulu daga bakin hanya, na ji muryoyin da na sani ɗaya bayan ɗaya, matan da muka yi gayya tare, muka yi rawa a bukukuwan juna. Na roƙi Ubangiji ya ɗauke ni kafin su iso. Suka shigo da waƙa, waƙar ta mutu a bakin ƙofa. Matar fasto ta daure ta matso, ta yi tambayar da aka saba.

"Maman Godiya, yaya jiki?"

Harshena ya riga ya kama hanyar da ya saba. Na danne shi.

"Babu sauƙi."

Ba wadda ta motsa. Na ce, "Tun da na faɗi babu sauƙi. 'Yata ce take kwashe ni. Ita take ganin abin da bai kamata ta gani ba. Za a cire ta daga makaranta. Ku taimake ni." Da bakina karkatacce na faɗa, sai da na maimaita kafin na bayan su ji.

Maman Ishaya ce ta fara ajiye tulu, wadda muke zama benci ɗaya da ita, wadda duk garin nan ba mai kaifin bakinta. A cikinsu duka ita na fi tsoron ta gan ni. Ta tuɓe ɗankwali ta ɗaure ƙugu da shi.

"Ku da kuka tsaya kamar gumaka, waƙa ce za ta wanke ta? A ɗora ruwa! Ke, kwashe tabarmar nan."

Da ta zo kwance mini zani na riƙe shi da hannun hagu, ban san ma na riƙe ba.

"Saki, Laraba. Me kike da shi da ba mu da shi? Ko naki na zinariya ne? In na zinariya ne ki faɗa mu kai Kafanchan mu sayar."

Wasu suka yi dariya, wasu suna share hawaye. Na saki. Na rufe ido har aka gama. Kafin su tafi sun raba kwanaki. Godiya ta dawo ta tarar da ni a wanke, matar fasto tana damun kunu a murhunmu. Ta tsaya tsakar gida da jakarta, ba ta san inda za ta sa hannunta ba.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Abin da na ji tsoro ya faru. Kafin Lahadi an san yadda aka tarar da ni har a kasuwa, da ƙari a kai. Babanku, Allah ya ba shi hutawa, ya zo ƙarshen wata ya ji a bakin masu acaba tun kafin ya iso gida, ya ce na tona mana asiri, ya koma bai ci abincin gidan ba. Wasu matan suna manta ranarsu, wasu suna zuwa da fuska a ɗaure, kuma da yamma da ranar Asabar Godiya ce dai. Da na fara takawa da sanda na koma coci, a benci na ƙarshe na zauna, domin duk wadda na haɗa ido da ita ta san jikina. Har yau idan na ɗaura zanin zumunta ina jin kamar ban ɗaura komai ba. Amma ba a cire sunanta ba. Ta shiga aji uku da sa'o'inta, ta wuce har inda kuka sani.

Akwai kuma abin da na rasa wanda bai dawo ba. Ranar da ta fara ganin al'ada, Mama Kande ta faɗa wa. Da wanda ya zama mijinta ya fara zuwa zance, Mama Kande ta riga ni sani. Na yi kuka a kan wannan a ɓoye. Daga baya na gane cewa yarinyar da ta saba ɗaukar kayana ba ta iya kawo mini nata, ko da na warke. Tana bukatar wurin da ita ce yarinya, kuma rumfar injin ce wurin. Ba ƙwace mini ita aka yi ba. An riƙe mini ita ne lokacin da hannuna ba ya riƙe komai.

Watan jiya da na ce muku zan je ganin likita a Kafanchan, gidan Godiya na sauka. Ta dawo daga makarantar da take koyarwa, ido ja, ga yara, ga tsohuwa a ɗaki. Na tambaye ta ko ta gaji.

"Na gaji, Mama."

Haka ta faɗa kai tsaye, tana kallona. Na ce ta je ta kwanta, na sa babbar 'yarta ta kai mini ruwan ɗumi ɗakin Mama Kande. Tsohuwar ta ƙanƙance a kan gado, muryar nan da take tashin unguwa sai ka sa kunne. Na sunkuya daidai kunnenta.

"Yaya Kande, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

"Ke ma?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Na ɗauki soso da hannun hagu na wanke mata baya, na daɗe ina yi, domin hannu ɗaya ba ya sauri, kuma ba na so Godiya ta tashi da wuri.

Na ce zan riƙa zuwa duk Alhamis. Bulus, kai za ka riƙa kai ni a mashin, ka kuma cika musu randuna kafin mu dawo. Murna, Asabar taki ce. Ba sai kun ce mata 'yar albarka ba, an faɗa mata ya ishe ta. Ku dai karɓi bokitin daga hannunta.